Shekarar da Na Ga Jini Yana Rawa

Goggonku Rakiya ce ta tasa ni gaba sai na rubuta wannan babin, kuma kun san halinta, in ta kafe a kan magana sai dai kai ka gaji. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Maryam ne, mata sun cika tsakar gida, sai wata tsohuwa daga danginmu na Haɗeja ta sake jawo labarin nan da kuka tashi kuna ji. Wai ni na bar gida na ƙetare teku ne don in samo wa ƙanwata maganin sikila, na yi shekara da shekaru ina fama, Allah bai nufa ba. Ana ta "Allah sarki", ana duban Rakiya da idon tausayi. Ta dire kwanon masar da ke hannunta ta aika a kirawo ni daga zaure.

"Yaya, na gaji da a riƙa jingina mini tafiyarka," in ji ta. "Kai ka je kallon rawa, ni ake yi wa jaje. Ka rubuta wa yaran nan gaskiya tun ina da rai, in gyara maka inda ka yi ƙari."

To ga shi na zauna. Labarin tsohuwar nan yana da daɗin ji, ya kuma fi gaskiyar ɗaga ni, amma ba haka aka yi ba.

Ba ku riski kakanku ba, don haka sai na fara da shi. Iyayensa daga Haɗeja suka biyo kasuwa suka zauna a Nguru, shi kuma ya tashi a sana'ar ƙwarya da gora. Yana saro su da kaka, ya cika sito, ya riƙa kai wa masuntan Gashua da Dagona manyan gorunan nan da suke kifa ciki a kai su bi ruwa da su. Baba ba ya sayen gora da ido. Sai ya ɗauke ta ya kara a kunne, ya lanƙwasa ɗan yatsansa na tsakiya ya ƙwanƙwasa, ya yi shiru yana saurare. Lafiyayyiya takan yi amo garau, ya daɗe kafin ya mutu. Mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa amonta a daƙushe yake, ko da ido bai ga komai ba. Yakan ce gorar masunci ba kwanon fura ba ce, rai ake ɗora mata a tsakiyar kogi. Abin ya bi jikinsa har ya zama wasansa da yara. In ƙannena suka zo wucewa sai ya kamo ɗaya ya ƙwanƙwasa masa kai, ya kara kunne, ya ce wannan akwai tsaga, a mayar wa mai ita, yaro ya ruga yana ƙyalƙyala dariya. Ni kaɗai ne bai taɓa yi wa haka ba. Ni ne ɗan fari, kunya ta hana. Bai taɓa kiran sunana ba, "kai" nake a bakinsa, Inna kuwa in za ta yi mini magana sai ta dubi bango ko ta faɗa wa wani ya faɗa mini, alhali ina zaune a gabanta. Ban taɓa ƙorafi ba, haka na ga ana yi a kowane gida, amma ina yaro na sha tsayawa a bakin sito ina jin kishin ƙannena.

Na karanta fiziks, na kama koyarwa a jami'a, ina nan ina maimaita wa ɗalibai abin da wasu suka gano, sai wata dama ta faɗo. Wani farfesa a ƙasar waje ya karɓe ni in je in yi 'yan watanni a ɗakin gwaje-gwajensa. Baba bai hana ba. Cewa ya yi tafiyar farko ziyara ce, kowa na iya yi, amma in ta zama ƙaura sai an dawo an nemi izini.

Yara, ban san yadda zan sa ku ji abin da na ji ranar da na shiga ɗakin nan ba. Ɗaki ne mai sanyi, babu taga, a tsakiyarsa wani ƙaton teburin ƙarfe da ke zaune a kan iska don kada takun mutum ya girgiza shi. An jera ƙananan madubai a kansa birjik, kowanne bai fi bakin ludayi ba, ga wani siririn haske yana tsalle daga wannan zuwa wancan. Na'urar da ke fitar da hasken ita ake kira leza. Ba ta sakin haske a jere kamar tocila, tartsatsi take yi, kowane tartsatsi kuma gajartarsa ta wuce hankali. Hasken da ke iya zagaya duniya sau bakwai kafin ka ce "ɗaya", a tsawon tartsatsin nan ko kaurin silin gashi ba ya gama ƙetarewa. Da aka faɗa mini sai da na ce a maimaita. Na yi salati a fili, Turawan suka juyo suna tambaya ko lafiya.

Ga abin da muke nema da shi. A cikin jininku, da cikin jan nama, akwai wani ɗan mitsitsin abu mai suna him, shi ke ba su launin ja. Siffarsa kamar faifai, da ƙwayar ƙarfe guda ɗaya a tsakiya, kuma a kan ƙarfen nan iskar da muke shaƙa take sauka a kai ta inda jiki ke bukata. Faifan yana zaune ne a cikin wani dunƙulen furotin da ke riƙe da shi. Namu na gwaji daga zuciyar doki ake ciro shi, a sayo shi gari-gari a kwalba, mu jiƙa, mu zuba a wani ɗan gilashi mai juyawa. Sai mu raba tartsatsin leza gida biyu. Na farko ya daki faifan, iskar da ke kan ƙarfen ta fice, ƙarfen ya zame daga tsakiya, faifan ya ɗan kumbura ya kama karkarwa. Na biyun kuma mu sa shi ya bi hanya mai ɗan tsawo don ya makara kaɗan, ya iso ya leƙa halin da faifan yake ciki. Mu matsar da madubi ɗan ƙanƙani, makarar ta ƙaru, mu sake leƙawa. Haka, haka, har hoton motsin ya haɗu a kwamfuta.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Na yi watanni ina murɗa madubai ba na samun komai sai hayaniya, layi a kwamfuta kamar tafiyar kaza a kan yashi. Wata rana da hantsi, na gama daidaita hasken na zauna ina cin busasshen burodi, sai na ga layin ya hau, ya sauka, ya sake hawa, ya sake sauka, kowane hawa bai kai na bayansa ba, har ya lafa. Na ajiye burodin. Na sake gwadawa, ya sake fitowa, daidai inda ya fito da farko. Wallahi ban san lokacin da na miƙe na daka tsalle ba, a ɗakin da aka hana ko taka ƙasa da ƙarfi. Na fita a guje na kamo farfesan daga ofis, tsoho da furfurarsa, na jawo shi ta hannun riga. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, sai ya kama dukan kafaɗata yana dariya. Ƙarfen cikin jini ne ke rawa a gabanmu. Abin da ya faɗo mini a rai kuwa a take shi ne amon gorar Baba, yadda yake tashi garau ya yi ta raguwa har ya mutu. Kafin makon ya fita farfesan ya ce in dawo in yi digirin dakta a wurinsa, aikin shekaru. Wannan kam ƙaura ce, sai da izini.

Na dawo Nguru da kaka, sito ya cika da sabuwar ƙwarya, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Tarbar da aka yi mini ta ba ni mamaki. Maƙwabta suna ta aiko da akussa, tsofaffin da ban sani ba suna riƙe hannuna suna sa mini albarka, wata mata har da hawaye. Na ɗauka duk wanda ya hau jirgin sama haka ake yi masa. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ina can na taɓa aiko da saƙon baki ta wani ɗan garinmu cewa ina aiki a kan abin da ke sa jini ja. Saƙon ya iso kunnen Inna, ga ta da 'ya mai ciwon jini tun tana goye. Me kuke zato uwa za ta ji? Kafin in dawo duk unguwa ta san ɗan Alhaji ya tafi nemo maganin sikila, labari ya bi motocin kifi har Gashua. Ba wanda ya tambaye ni, don a ganinsu abin a fili yake. Ni kuma ina ta zuba surutun madubai, suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya ida nufi.

Na gaya wa Baba akwai maganar da nake so mu yi. Ya ce ya sani, gobe in raka shi Gashua, in mun dawo sai a yi. Muka ɗaure goruna a bayan a-kori-kura har suka fi motar tsayi, muka kama hanya da sassafe. Ruwa bai janye daga fadama ba, shinkafa ta yi jawur, tsuntsaye farare sun rufe bakin tabkuna. Baba yana gaba kusa da direba yana jan carbi, fuskarsa a sake irin yadda ban saba gani ba. Har ya ce da direban ya rage gudu, yau akwai dakta a motar.

A bakin kogin Gashua masunta suka kewaye mu. Cikinsu akwai Malam Gaji, wani dattijo daga Dagona wanda ya daɗe yana sayen gora a hannun Baba, har sun zama aminai. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu.

"Wushe, wushe, Alhaji, lale! Wannan shi ne yaron?" Ya juyo ya kama nawa hannun, tafinsa kamar bayan itace. "Yaro, Allah ya yi maka albarka. Mun ji aikin da kake yi. Ni ma ina da jika, ciwon nan na ƙanwarka shi ke gare shi. In sanyin ruwa ya shiga, kuka yake, ƙashi, ƙashi, ba ya barci ba ma barci. Maganin nan yaushe zai iso? Ko da tsada ne ka faɗa mini, ina da kwalekwale biyu."

Nan take komai ya warware mini, akussan nan, da albarkar tsofaffi, da hawayen matar nan, da sakin fuskar Baba. Mutane suna jira, Baba yana tsaye da gora a hannu yana duban ruwa, wai shi ba ya saurare. Akwai amsa mai sauƙi, kowa ya san ta. In ce "in sha Allahu, ana nan ana ƙoƙari", a shafa fatiha, a watse, in samu izinina a ruwan sanyi. Amma dattijon nan maganar sayar da kwalekwale yake yi.

"Baba Gaji, ka gafarce ni," na ce. "Ba magani nake nema ba. Ni ba likita ba ne. Aikina kallon yadda wani abu ke motsi a cikin jini ne kawai. Kada ka sayar da komai saboda ni, ka ci gaba da kai yaron asibiti."

Ya daɗe yana dubana, bai saki hannuna ba.

"Kallo?"

"Kallo, Baba Gaji."

Ya saki hannun a hankali, ya ce to Allah ya kyauta, ya juya yana duba gorunan da bai zo saye ba. Baba ya koma kan gorunansa. Ya gama cinikinsa tsaf, kowace gora sai da ya ƙwanƙwasa ta a gaban mai saye kamar kullum. A hanyar dawowa ba a ce da direba ya rage gudu ba, carbin ma yana aljihu. Na kunyata shi a gaban abokan cinikinsa na shekara da shekaru, na sani, kuma maganar da aka ce za a yi in an dawo ba a yi ta ba.

Kafin magariba labari ya shiga cikin gida. Inna ta zauna a bakin murhu ta juya mini baya, tana magana da tukunya.

"A tambaye shi, shi da ya san jini, bai ga idon yarinyar nan ba ne? A tambaye shi, mutum ya bar uwa da uba ya tafi uwa duniya don kallo? In kallo ne ba ga kogi nan ba, ba ga kasuwa ba?"

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na riga na yanke wa kaina cewa in Baba bai yarda ba, ba zan tafi ba. Zan koma aji in ci gaba da koyarwa, teburin nan da madubansa su zama labari.

Kashegari da rana na tarar da Rakiya a gindin darbejiyar tsakar gida. Lokacin budurwa ce, siririya, ba ta daɗe da tashi daga kwanciya ba, idanunta da sauran ruwan ɗorawa. Ta miƙe ƙafafu a tabarma tana ɗinkin hula. Ita na fi jin nauyin haɗa ido da ita, na zo zan raɓe in wuce.

"Yaya, zo nan. Gudun me kake? Ai ni na daɗe da sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Kai mana. Tun da ka dawo ka taɓa tambayata ina ke mini ciwo, irin tambayar masu magani? Bakinka madubi, madubi, kamar mai tallan kayan kwalliya. Na bar Inna ne kawai, abin yana sa ta barci." Ta soke allurar a jikin hular. "To zauna ka gaya mini abin da ya fi ni."

Na zauna, na jawo faifan da ke rufe da kwanon furarta, na ɗora ƙwallon goriba a tsakiya. Na fara a ɗarare, amma kun san ni, da an taɓo maganar nan ba na iya riƙe kaina. Can sai ga ni a tsaye ina nuna mata yadda tartsatsi ke duka, ɗan'uwansa na biye da shi, faifai na kumbura, ƙwallo na karkarwa. Furar ma na kusa kifar da ita. Tana ta dariya har da riƙe haƙarƙari. Sai kuma ta dubi faifan.

"Nawa jinin fa? Shi ma yana rawar, ko shi a kwance yake kamar mai shi?"

Na gaya mata gaskiya. Matsalar jininta ba a faifan take ba, tana can wani gefe a bayan dunƙulen da ke riƙe da shi, shi ke sa su manne wa juna. Faifan da ƙarfensa kuwa irin na kowa ne, irin nawa, irin na Baba, ba abin da ya raba su.

Ta dubi bayan hannunta, ta shafa jijiyar da allurar asibiti ta huda ta bar tabo.

"Ashe akwai abin da ke lafiya a jinina," in ji ta. "Tun da nake ba wanda ya taɓa gaya mini."

Ta sunkuyar da kai a kan hular, ni ma na dubi wani wajen. Da ta ɗago sai ta ce in miƙo mata mayafinta. Ta dafa bango ta tashi, ta nufi sito inda Baba yake. Ita ce 'yar lelensa, ita kaɗai ke iya shiga masa kai tsaye. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce masa: "Baba, kai da ba ka sayen gora sai ka ƙwanƙwasa, yaushe ka fara jefar da ita ba ka ƙwanƙwasa ba?"

Bayan la'asar aka ce Baba na kira. Na same shi a kan buzunsa a ƙofar sito, goruna jibge a bayansa. Bai dube ni ba.

"Kai. Baje hajarka."

Haka yake cewa da duk wanda ya kawo masa kaya. Na durƙusa, na sake jawo faifai da ƙwallon goriba. Ya bar ni na yi bayani har na kai inda ake dukan faifan, sai ya ɗaga hannu.

"Da me kuke ƙwanƙwasawa?"

"Da haske, Baba."

"Da me kuke saurare?"

"Da wani hasken, mai biyo bayan na farko."

"Amon yana daɗewa?"

"Ba ya daɗewa. Yana tashi da ƙarfi, ya yi ta raguwa har ya mutu, kamar na gora. Daga yadda yake tashi da yadda yake mutuwa muke gane yadda abin yake a ciki."

Na ga ɗan yatsansa na tsakiya ya motsa a kan gwiwarsa. Na ce a raina an zo wurin. Amma Baba ɗan kasuwa ne.

"Wa zai saya?"

"Ba kowa, a yanzu."

"Wa zai warke?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila wani ya ɗora a kan abin da muka gani, bayan ba mu. Wataƙila kuma a'a. Ba zan yi alkawari ba."

"To don me?"

Na rasa wata amsa mai kyan ji, sai na faɗi wadda ke akwai. Na ce abin nan yana cikin kowane ɗan Adam tun farkon halitta, yana wannan rawar a duk numfashi, a jikin sarki da na masunci, ba wanda ya taɓa gani sai a zamaninmu. Allah ya sa ina cikin waɗanda suka gani da idonsu. Na ce tun ranar ban ƙara zama daidai ba, ina so in koma in ga sauran. Ƙwallon goribar ya kuɓuce mini ya gangara ƙasa.

Baba ya juya wajen gorunan da ke bayansa. Ya jawo wata gora ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ajiye. Ya tashi ya sa takalmi ya tafi masallaci. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma a gidanmu shiru ba izini ba ne.

Hutuna ya ƙare a haka. Motar Kano ɗaya ce, ko ina za ni. In da izini, daga Kano in wuce filin jirgi. In babu, in wuce jami'a in ɗauki allina. Ranar tafiya na shiga na yi wa Inna sallama, ta gaya wa bango cewa a gaya masa ya riƙe salla, ta turo mini ƙullin kilishi a kan tabarma. Rakiya ta kifa mini hular da ta gama ɗinkawa a ka. Na leƙa sito, Baba ba ya nan. Na ɗauki jakata na tafi tasha, ina jin na san amsata.

Kafin in gaya muku abin da ya faru a tashar, ku san abin da tafiyar ta ci. Shekarun nan sun zama mafiya daɗi a aikina, na ga abubuwan da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Amma duk kwanciyar da Rakiya ta yi a lokacin, ƙannena ne suka yi jinya, ba ni ba. Jikan Malam Gaji bai kai girma ba. Inna ta rasu ba ta daina gaya wa mutane magani na je nema ba, don ita abin da zuciyarta ta iya ɗauka ke nan, daga bakinta kuma labarin ya iso gare ku. Baba kuwa ya rasu ina can. Saƙo ya same ni bayan an yi kwana uku da binne shi. Ban ɗauki makararsa ba, ni ɗan farinsa, kuma wannan ba ya warkewa. Ganin da na yi masa a tashar Nguru shi ne na ƙarshe.

Ana ɗaure kaya a saman mota, ina tsaye da jakata a hannu, sai na ji tasha ta ɗan yi tsit, 'yan kamasho suna "sannu da zuwa, Alhaji". Na juya. Baba ne, da babbar rigarsa ta zuwa kasuwa, yana ratsowa ta cikin masu talla. Uba ba ya raka ɗan fari tasha, ba a taɓa yi ba. Na durƙusa, ya yi mini alama in tashi. Ya tsaya dab da ni, kusancin da bai taɓa yi ba tun ina yaro, har ina jin ƙanshin goron bakinsa. Ga direba, ga fasinjoji, ga masu tallan ƙwai, kowa na kallo.

Ya lanƙwasa ɗan yatsansa na tsakiya ya ƙwanƙwasa ƙirjina. Sannan ya sunkuyo da furfurarsa ya kara kunne, ya yi shiru yana saurare, kamar yadda na gan shi yana yi wa goruna da kawunan ƙannena tun ina leƙe daga bakin sito. Hawaye suna zubo mini, ban iya ko ɗaga hannu in share ba.

Ya ɗago. Bai dube ni ba, ɗan kamasho ya duba.

"Babu tsaga," in ji shi. "Wannan za ta ƙetare ruwa. A ɗora masa kayansa."